Kribi: abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya zuba kuɗinsa a filin bakin teku

Duk ƙarshen shekara, idan ruwan sama ya ɗauke a kudancin Kamaru, motocin da ke tasowa daga Yawunde da Duwala kan cika da masu zuwa hutu Kribi. A cikinsu akwai ƴan kasuwarmu na Briqueterie da New Bell, da waɗanda suka taso tun daga Garwa, Marwa ko Injamena, wasunsu ma wannan ne karon farko da za su ga teku da idonsu. Da wuya baƙo ya gama cin gasasshen kifinsa wani dillali bai matso kusa da shi ba, da hoton fili a wayarsa, yana cewa saura wannan kaɗai, kuma kuɗinsa zai ninka kafin baɗi.

Maganar dillalin tana da ƙamshin gaskiya, domin Kribi na cikin garuruwan Kamaru da suka fi saurin canzawa a ƴan shekarun nan. Sai dai sayen fili a can ya sha bamban da yadda muka saba a gida, inda mai unguwa da shaidu biyu da musabaha kan wadatar. A dokar Kamaru takarda ce ke mallakar fili, kuma filin da ya fi ɗaukar ido, wato wanda ke daf da ruwa, babu mai ikon sayar da shi ko kaɗan. Ga bayanin garin, da dalilin tashin darajar filayensa, da matakan da ke kare kuɗin mai saye.

Ina ne Kribi, kuma ta yaya ake zuwa?

Kribi shi ne babban birnin gundumar Océan a jihar Kudu ta Kamaru, a inda kogin Kienké ke faɗawa cikin Tekun Atilantika. A ƙidayar 2005 mutanen garin kimanin dubu 60 ne, kuma sun ƙaru sosai tun daga lokacin. Asalin masu wurin su ne Batanga da Mabi, sai Bagyeli da ke zaune a dazuzzukan da ke bayan gari. Yana da kyau baƙo ya riƙe waɗannan sunaye, domin yawancin filayen da za a yi masa talla gadon iyalansu ne.

Daga Duwala tafiyar kimanin kilomita 170 ce. Ana bin babbar hanyar Yawunde zuwa Edéa, daga nan a karkata kudu a kan kwalta har cikin gari. Wanda ya taso daga Yawunde shi ma ta Edéa zai bi, sai dai tasa tafiyar ta kusa kilomita 280. Mutanen arewa da na Cadi galibi sukan shiga jirgin ƙasan dare daga Ngawundare zuwa Yawunde, sannan su ƙarasa a mota. Hanyar da ke tsakanin Duwala da Yawunde cike take da manyan motoci, don haka ya fi kyau a yi ta da rana.

Ƴan ƙasashen CEMAC, wato Cadi, Afirka ta Tsakiya, Gabon, Kongo da Equatorial Guinea, ba sa bukatar biza don gajeriyar ziyara, haka ma ƴan Najeriya. Sauran su nemi bizarsu tun daga gida, kuma tun 2023 ta intanet ake cike takardun. Kowa ya riƙe katin rigakafin shawara. Mutanen Nijar da Benin su tuna cewa sefar Kamaru darajarta ɗaya da tasu, amma takardun kuɗin ba ɗaya ba ne, sai an canza.

Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ruwan sama ya fi ƙarfi wajajen Satumba da Oktoba, sannan akwai wata daminar daga Afrilu zuwa Yuni. Mai hutu ya zaɓi rani. Mai niyyar sayen fili kuwa yana bukatar ganin garin a cikin ruwa, za mu zo ga dalilin.

Me baƙo zai gani?

Abin da ya fi suna shi ne magangarar ruwan Lobé, kimanin kilomita 7 kudu da gari, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Masu kwale-kwale na kai mutum kusa da ruwan, kuma a yi ciniki kafin a shiga. A bakin wurin mata ke soya jatan lande, abincin da Kribi ta yi fice a kansa.

A cikin gari akwai matsayar masunta ta Mboamanga, inda ake sauke kifi daga kwale-kwale, mutum ya zaɓi nasa a gasa masa nan take. Kusa da bakin kogin akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, da tsohuwar majami'ar da ke nan tun zamaninsu, lokacin da Kribi ke cikin manyan wuraren fitar da roba da hauren giwa. A ranar 9 ga Mayu Batanga kan yi bikin Mayi, na tunawa da dawowar kakanninsu gida bayan an kwashe su daga garin a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Wanda ke da ƙarin kwanaki zai iya zuwa Londji, ƙauyen masunta da ke arewa da gari, ko Grand Batanga a kudu, ko Ebodjé inda kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a cikin yashi. Can gaba, wajen iyakar Equatorial Guinea, akwai gandun dajin Campo-Ma'an.

Akwai al'ummar Musulmi da masallatai a garin, kuma kifi ya sauƙaƙa matsalar abinci. Gargaɗi ɗaya dai ga wanda ya tashi nesa da ruwa: teku ba tafki ba ne. Akwai wuraren da igiyar ruwa ke jan mutum ciki ko da yana tsaye ruwa iya ƙugu. A tambayi ƴan gari inda ake wanka, kada a ɗauke ido daga yara, kuma a kwana cikin gidan sauro.

Me ya sa filayen suka yi daraja?

Yashin bakin teku ya daɗe a wurin ba tare da ya tayar da farashi haka ba. Manyan ayyuka ne suka kawo canjin.

Na farko shi ne bututun man Cadi. Yana da tsawon kilomita 1,070, ya taso daga rijiyoyin yankin Doba ya ƙare a gabar Kribi, inda ake loda man a jiragen ruwa, kuma ya fara aiki a 2003. Bayansa aka buɗe tashar wutar lantarki mai aiki da iskar gas a Mpolongwé a 2013, mai ƙarfin megawat 216. A 2018 kuma aka fara sarrafa gas a wani jirgi da ke tsaye a cikin teku ana fitar da shi ƙasashen waje.

Babban cikinsu shi ne tashar jiragen ruwa mai zurfi da ke Mboro, kimanin kilomita 35 kudu da gari. Kamfanin China Harbour Engineering ne ya gina ta da rancen bankin Exim na ƙasar Sin. Zurfinta na ba manyan jiragen da ba sa iya shiga Duwala damar tsayawa, domin tashar Duwala a bakin kogin Wouri take, kullum sai an yashe ta. A 2022 aka buɗe babbar hanyar Kribi zuwa Lolabé mai kimanin kilomita 38, sannan a 2025 kashi na biyu na tashar ya fara aiki. Cadi da Afirka ta Tsakiya ba su da teku, kayansu ta Kamaru suke bi, don haka duk abin da ya ƙaru a Kribi ya shafi direbobi da masu fiton kaya da ƴan kasuwar da ke kan hanyar arewa.

Waɗannan ayyuka sun kawo ma'aikata masu neman gidan haya, da kamfanoni masu neman sito da wurin ajiye manyan motoci. Daga nan farashin fili ya fara hawa.

Amma tarihin tashar kansa darasi ne. Shugaba Paul Biya ya aza harsashinta a Oktoban 2011, ba ta fara aikin kasuwanci ba sai Maris 2018. Wanda ya sayi fili ranar bikin aza harsashi da tunanin cin riba a shekara biyu, sai da ya jira fiye da shekara shida kafin jirage su fara zuwa a kai a kai. Haka layin dogon da zai kawo ƙarfen Mbalam zuwa gabar Kribi, mai kimanin kilomita 500: an sa hannu kan yarjejeniyarsa tun 2012, aka shafe fiye da shekara goma ba a shimfiɗa shi ba. Idan dillali ya ce masana'anta ko hanya za ta zo kusa da fili, sai a tambaye shi ko an fara aikin ne ko kuwa har yanzu a bakin sanarwa yake.

Filin da ake sayarwa da wanda ba a sayarwa

Ginshiƙin dokar filaye a Kamaru shi ne dokoki biyu na ranar 6 ga Yulin 1974. Idan aka sauƙaƙa su ga mai saye, filaye sun kasu gida uku.

Kashi na farko shi ne filin jama'a, wanda ake kira domaine public. A nan bakin teku yake. Doka ta ce daga inda ruwan teku ke kaiwa idan ya yi cikar da ta fi kowace, sai a ƙara mita 50 zuwa tudu, duk wannan na jama'a ne. A bakin kogunan da ruwan teku ke shiga, kamar mashigar Kienké da Lobé, mita 25 ne. Ba a sayar da irin wannan wuri, ba a ba da takardar mallaka a kansa, kuma daɗewar zama ba ta mayar da shi na mutum. Iyakar abin da hukuma kan bayar shi ne izinin amfani na wucin gadi, wanda za ta iya janyewa. Saboda haka duk tallan da ya ce gida ƙafarsa a cikin ruwa, abu na farko shi ne a auna tazararsa da ruwan. Ganin wasu sun yi gini a wurin ba hujja ba ce, domin ranar da aka tashi rusau babu wanda zai iya kare kansa da ginin maƙwabci.

Kashi na biyu shi ne filin da ke da takardar mallaka, wato titre foncier. Ita kaɗai ce shaidar mallaka da doka ta sani, kuma irin wannan fili ne kaɗai mutum zai iya sayar wa wani. Ko shi ma da sharaɗi: sai a gaban notaire, jami'in da gwamnati ta ba ikon rubuta irin waɗannan yarjejeniyoyi. Cinikin da aka rubuta a gida ko a ofishin dillali, ko da shaidu goma sun sa hannu, doka ta ce ɓatacce ne.

Kashi na uku shi ne duk sauran filayen da ba su da titre, ana kiransu domaine national. Yawancin gonaki da filayen gado na ƙauyukan da ke kewaye da Kribi a nan suke. Iyalan da ke kansu suna da haƙƙin zama da noma, kuma za su iya neman titre idan sun nuna cewa an zauna ko an raya wurin tun kafin 5 ga Agustan 1974. Amma kafin titre ɗin ya fito, ba su da ikon sayarwa.

A wannan kashi na uku ne mafi yawan baƙi ke asarar kuɗi. Filin ya fi araha, mai sayarwa ɗan gari ne na gaskiya, sarkin ƙauye ya buga hatimi a kan takardar da ke cewa iyalin sun sallama haƙƙinsu na gargajiya. Ga wanda ya saba da tsarinmu, komai ya cika. Sai bayan shekara biyu ko uku wani ɗan'uwan mai sayarwar ya dawo daga Duwala ya ce ba da saninsa aka yi ba, ko a wayi gari wani ya zo da titre a kan filin nan ɗaya. A gaban alƙali, mai titre ne ke da magana. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma filayen da gwamnati ta keɓe don ayyukan jama'a. An ware kimanin hekta dubu 26 domin tashar jiragen ruwa da masana'antun da za su kewaye ta, ban da gefen manyan hanyoyi da hanyar bututun mai. Wanda ya sayi fili a cikin irin wannan wuri bayan an keɓe shi, zai yi wuya ya ga ko diyya.

Ɗan ƙasa da baƙo

Wannan ya shafi masu karatunmu kai tsaye, domin gida ɗaya kan kasance wani na da katin Kamaru, wani na Cadi, wani na Nijar ko Najeriya.

Doka ta yarda baƙo ya sayi fili ko gida mai titre a Kamaru, amma da sharuɗɗa. Dole takardar cinikin ta samu amincewar ministan da ke kula da filaye, wato ma'aikatar MINDCAF, in ba haka ba cinikin bai inganta ba. Baƙo ba ya sayen fili a yankunan kan iyaka, abin da ya kamata mai duban wajajen Campo ya bincika tun farko. Idan kuma ya tashi sayarwa, gwamnati na da damar ta riga kowa saye. Sannan neman titre kai tsaye a kan filin gargajiya haƙƙin ƴan Kamaru ne kawai. Abin da baƙo zai iya samu a irin wannan fili shi ne hayar dogon zango daga gwamnati.

Wani abin lura: dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Wanda aka haifa a Garwa amma ya karɓi takardun wata ƙasa, zai iya samun kansa a sahun baƙi ranar da ya zo gaban notaire.

Don guje wa waɗannan sharuɗɗa, da yawa kan sayi fili da sunan ɗan'uwa ko aboki mai katin Kamaru. Amana ce, kuma sau da yawa mai riƙon amanar ba ya cin ta. Matsalar takan taso ne ranar da ya rasu. Sunansa ke kan titre, don haka a idon hukuma filin ya shiga gadonsa, kuma magadansa ba lallai su san da wata magana da aka yi a zaure shekaru goma baya ba. Haka idan bashi ya hau kansa, masu binsa za su iya kama filin. Jiran amincewar minista ya fi wannan sauƙi. Idan kuma ƴan'uwa ne za su haɗa kuɗi, su nemi notaire ya kafa musu kamfani ko ya rubuta kason kowa a takarda.

Matakan da ke kare kuɗin mai saye

Da farko a karɓi lambar titre ɗin daga mai sayarwa, a je da kai ofishin ajiyar takardun filaye na gundumar Océan, wato conservation foncière, a nemi sabuwar takardar shaidar mallaka, certificat de propriété. Ita za ta nuna sunan mai filin na yanzu, da faɗinsa, da ko an jinginar da shi a banki, ko akwai ƙara a kansa. Kwafin da dillali ya kawo ba ya maye gurbin wannan.

Sai a dubi sunayen da ke kan takardar. Idan na mutane da yawa ne, sai kowa ya yarda. Idan mai sunan ya rasu, sai an ga hukuncin kotu da ya tabbatar da magada, da shaidar cewa wanda ke sayarwa yana da izinin sauran.

Daga nan a ɗauki mai awon fili da hukumar awo, wato cadastre, ta san da shi, a je da shi wurin. Aikinsa ya tabbatar cewa filin da aka nuna shi ne wanda ke cikin titre, domin akan nuna wa mutum wuri mai kyau a ba shi takardar wani wurin daban. Shi ne kuma zai auna tazarar ruwa da ta hanya, ya duba duwatsun iyaka.

A nemi takardar tsarin gari, certificat d'urbanisme, wadda ke faɗin abin da aka yarda a gina a wurin da ko wata hanya za ta ratsa ta kansa. A kuma zagaya ba tare da dillali ba, a gaisa da maƙwabta da mai unguwa, a tambaye su tarihin filin. Rigimar da ba ta kai ofis ba tukuna, a bakinsu ake jin ta.

Kuɗi kuwa ta hannun notaire za su bi, har da kafin alƙalami. Shi zai rubuta ciniki, ya biya harajin rajista, ya kai takardu don a sauya suna idan duka filin ne, ko a yanke wa mai saye nasa titre idan ɓangare ne na babban fili. A nemi ya rubuta jimillar haraji da ladansa da kuɗin awo tun kafin a sa hannu, kuma a daidaita la'adar dillali a rubuce. Wanda zai kawo kuɗi daga wajen ƙasashen CEMAC ya turo su ta banki ya adana takardun, saboda su za a tambaye shi ranar da ya so fitar da kuɗinsa.

Ciniki bai ƙare ba sai titre ya fito da sunan mai saye. Ko shi ma ma'aikatar na iya soke shi idan aka gano an yi maguɗi, ko an ba da takarda biyu a kan fili ɗaya, ko ya shiga filin jama'a. Wannan ne ya sa binciken farko ya fi komai muhimmanci. Mai sayarwar da ke matsa wa a biya yau saboda wai wani na jira, ya ba da dalilin da za a ƙara bincike. Sauri kan haifi nawa.

Gini a bakin teku, da lissafin haya

Samun takarda rabin aiki ne. Kafin a ɗora bulo sai an karɓi izinin gini daga ma'aikatar magajin gari. Sannan yanayin wurin ba irin na Sahel ba ne. Iskar teku na ɗauke da gishiri, tana cin kwano da rodi da ƙofofin ƙarfe da na'urar sanyaya ɗaki cikin ƴan shekaru, laima kuma na ɓata fenti da katako. Magini da ya haɗa siminti da yashin bakin teku ya sa wa ginin cuta tun daga tushe, domin gishirin zai sa rodin tsatsa daga ciki. Ga kuma zaizayar gaba: a wurare da dama ruwa na cin ƙasa, ana ganin saiwoyin kwakwa a waje. Filin da ke bayan mita 50 a yau zai iya shiga cikinsu nan gaba.

Nan ne amfanin zuwa da damina. Filin da ya bushe ƙayau a Janairu zai iya zama fadama a Oktoba, hanyar da ƙaramar mota ta bi da rani ta gagari babur. Kuɗin cike fili da yin magudana na iya kamo kuɗin sayensa. A kuma duba ko layin wuta da na ruwa sun iso unguwar, in ba haka ba a sa rijiyar burtsatse da injin wuta ko sola a cikin lissafi.

Sai tambayar da ta fi kowace: wa zai biya haya? Masu haya iri biyu ne a Kribi. Akwai ƴan hutu, waɗanda ke son kusa da ruwa, suna biya da tsada a kowane dare, amma sun fi zuwa a ƙarshen mako da lokutan bukukuwa. Akwai kuma ma'aikatan tashar jirage da kamfanoni da gwamnati, waɗanda ke biya wata-wata, kuma abin da ya dame su shi ne hanya mai kyau da ruwa da wuta da makarantar yara.

Ga misali don nuna yadda ake lissafin, alƙaluman na kwatance ne kawai. A ce mutum ya kashe sefa miliyan 40 a fili da gini mai sassa huɗu. Idan ya ba da kowane sashe haya a kan dubu 75 a wata, zai tara miliyan 3 da dubu 600 a shekara, wato fiye da shekara 11 kafin uwar kuɗi ta dawo. Idan kowane sashe ya yi wata biyu babu kowa, sai su zama fiye da shekara 13, ban da gyara da haraji. Idan kuma ya zuba kayan ɗaki yana karɓar dubu 25 a dare, kowane sashe ya samu baƙi dare 70 a shekara, zai tara miliyan 7. Sai dai a ciki zai biya mai gadi da mai shara da wanki da wuta, ya sake kayan da suka lalace, ya kuma nemi izinin hukumar yawon buɗe ido. Dare 70 ɗin nan su ne abin bincike: a je a watan Oktoba a ga gidaje nawa ne ke da baƙi.

Mai gidan ƴan hutu ya kuma yanke shawara tun farko kan irin baƙin da zai karɓa da abin da ya yarda a yi a gidansa, musamman idan yana zaune nesa. Gidan da mai shi ke Injamena ko Marwa, ba ya zuwa sai shekara-shekara, kusan na mai kula da shi ne. Haka fili da aka saya aka bari babu katanga babu shuka: ciyawa kan rufe shi a damina ɗaya, kuma irinsa ne ake sake sayar wa wani.

Ga ɗan kasuwar da ya san harkar sufuri, mai yiyuwa abin da ya fi dacewa da shi ba ya kallon teku ma. Sito, ko shaguna, ko wurin kwanan direbobi a kan hanyar da kaya ke bi, sana'a ce da ya riga ya san kanta, kuma cinikinta ba ya jiran lokacin hutu.

Shawarar da ta fi sauƙin bi ita ce a raba tafiyar gida biyu. A zo da rani a matsayin baƙo, a ci kifi, a ga Lobé, a karɓi lambobin titre, a koma gida da kuɗi a aljihu. A dawo da damina a taka filin da ƙafa, a shiga ofisoshin da aka ambata. Zuwa da kai ya fi aike, kuma kuɗin mota sau biyu bai kai ko kusa da asarar fili ɗaya ba. Idan filin na nan kuma takardunsa sun tsaya, sai a zauna gaban notaire.